Yaran da Suka Daina Magana: Abin da Hijira Ke Yi wa Zuciyar Yaro

A farkon shekarun 2000 likitocin yara a ƙasar Suwidin suka riƙa karɓar wasu majinyata da ba su saba gani ba. Yaro ne ko yarinya, daga 'yan firamare zuwa matasa, lafiya lau a da, yana zuwa makaranta, yana wasa da sa'o'insa. Sai a ga ya rage magana. Daga nan ya daina fita, ya ƙi abinci, ya kwanta ya rufe ido. A kira sunansa, shiru. A girgiza shi, shiru. Ƙarshenta sai an zura masa siririyar roba ta hanci ana ɗura masa abinci, ana yi masa ƙunzugu, ana juya shi a kan gado don kada jikinsa ya yi gyambo. A auna jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ba a ga wata cuta ba. Wasu sun yi watanni a haka, wasu sun haura shekara.

Tsakanin 2003 da 2005 an ƙirga yara fiye da 400 da suka shiga wannan hali. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu 'ya'yan masu neman mafaka ne, mafi yawansu daga ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da tsohuwar Yugoslabiya. Iyayensu sun ga tashin hankali a gida, sun gudo, sun shafe shekaru suna jiran hukumar shige da fice ta ce su zauna ko su koma. A gidaje da dama, yaron ya kwanta ne bayan isowar wasiƙar da ke cewa an ƙi karɓar iyalin. Kuma sau da yawa shi ne ya buɗe wasiƙar ya karanta wa iyayensa, domin shi kaɗai ya iya harshen ƙasar.

Lamarin ya tayar da hankalin jama'ar Suwidin. Mutum kusan 160,000 suka sa hannu a takardar koke, kuma a 2005 majalisar dokoki ta yi dokar wucin gadi da ta ba mutum kimanin 30,000 damar a sake duba takardunsu. A 2014 hukumar lafiya ta ƙasar ta amince da ciwon a matsayin cuta mai zaman kanta. Likitoci sun lura cewa da yawa daga yaran kan fara farfaɗowa bayan an ba iyalin izinin zama, ba a rana ɗaya ba, a hankali: yau ya motsa yatsa, bayan makonni ya buɗe ido, daga baya ya karɓi cokali.

An yi gardama mai zafi a kan wannan ciwo, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Wasu sun ce yaudara ce. A 2019 wata mujalla a ƙasar ta kawo labarin wasu da suka girma suka ce iyayensu ne suka tilasta musu kwanciya don a samu takarda. Hakan ya faru, amma bai isa ya bayyana ɗaruruwan yaran da likitoci suka duba da idonsu ba. Wani abin lura ya fito daga wani gidan jinya mai suna Solsidan a garin Skara. Ma'aikatansa sun riƙa raba yaron da iyayensa na ɗan lokaci, suka hana a yi maganar takardu a gabansa, suna zaunar da shi a teburin cin abinci tare da sauran yara, suna kama hannunsa su sa shi zane ko wasa. Yara suka riƙa tashi tun kafin takardar ta fito. Mai kallo zai ce wannan ya rushe bayanin farko, amma idan aka duba da kyau hanya ɗaya suka nuna. Abin da ya kwantar da yaron tsoron da ya cika gidansu ne. Ko a cire tsoron daga gidan, ko a ɗan janye yaron daga cikin tsoron.

A 2018 an ga irin wannan kwanciya a tsibirin Nauru, inda Ostiraliya ta tsare masu neman mafaka shekara da shekaru ba tare da sun san ranar fita ba. Sai a Fabrairun 2019 aka kwashe yaran ƙarshe daga tsibirin.

Yaran Suwidin da na Nauru su ne ƙarshen tsananin. Mafi yawan 'ya'yan baƙin haure da na 'yan gudun hijira ba sa kaiwa nan, kuma da yawansu suna miƙewa su yi karatu su zama abin alfahari. Amma abin da ya kai waɗancan ga gado yana aiki a ɓoye a miliyoyin gidaje. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a ƙarshen 2024 mutum fiye da miliyan 120 ne aka raba da muhallinsu ala tilas, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa a wuraren da aka yi rikici, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgicin abin da ya gani, ko wata lalurar ƙwaƙwalwa da ta fi waɗannan nauyi.

Manya kan ce, "Yaro ne, zai manta." Wannan magana ita ce babban kuskuren da ake tafkawa. Yaro na iya manta sunan garin da suka bi, amma jikinsa yana riƙe da abin da ya ji. Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki sinadarai irin su kotisol da adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, a shirya gudu. Wannan rahama ce idan haɗarin na minti biyar ne. Idan tsoron ya zama na kullum, wata da watanni, kuma babu babban da zai rungumi yaro ya kwantar masa da hankali, jikin ba ya samun sauka. Barci ya lalace, karatu ya ƙi zama, ƙaramin abu ya sa shi zabura. Masana renon yara a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Dokta Jack Shonkoff, sun daɗe suna nanata cewa babban abin da ke kare ƙwaƙwalwar yaro daga wannan lahani shi ne samun aƙalla babba ɗaya tsayayye da ya dogara da shi.

Ba sabon sani ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta kwashe yara daga birane zuwa ƙauyuka don tsoron bama-baman Jamus. Anna Freud, wadda ita ma gudun hijira ya kawo ta Landan daga Biyana a 1938, ta buɗe gidajen renon yara a unguwar Hampstead tare da Dorothy Burlingham. A littafin da suka fitar a 1943 sun bayyana cewa ƙananan yara sun fi jure ƙarar bam idan suna jikin uwa mai natsuwa, kuma rabuwa da uwa ta fi girgiza su fiye da bam ɗin kansa.

Bayan shekara 75, Amurka ta maimaita darasin a kan 'ya'yan wasu. A Afrilun 2018 gwamnatin Donald Trump ta ayyana tsarin gurfanar da duk babban da ya tsallaka iyakar Meziko ba da izini ba, wanda ya sa ake ƙwace yara daga hannun iyayensu. Da suka ta yi yawa, aka dakatar da tsarin ranar 20 ga Yuni. An ƙiyasta cewa yara fiye da 5,000 aka raba da iyayensu idan aka haɗa da waɗanda aka raba tun 2017. Rahoton babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasar, wanda ya fito a Satumban 2019, ya ce yaran da aka raba sun fi sauran nuna tsoro da firgici da jin an yasar da su. Wasu ƙananan sun ɗauka iyayensu ne suka gudu suka bar su. Shekaru bayan haka akwai ɗaruruwan da ba a haɗa su da iyayensu ba.

Duk wanda ke ganin wannan labarin wasu ne can nesa, ya waiwayi gida. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a ciki, mata 33. Yawancinsu daga yankin Kantche na jihar Damagaram suka taso, inda mata suka daɗe suna ɗaukar yara zuwa Aljeriya neman abin sawa a baka. Har yau ana tafiyar, har yau kuma Aljeriya na koro mutane ta ajiye su a hamada, su taka kimanin kilomita 15 zuwa garin Assamaka. A Kamaru, sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 yana ɗauke da 'yan Najeriya fiye da 70,000 da rikicin Boko Haram ya koro, kuma akwai yara masu shekara goma da ba su san wani gida ba sai shi. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tura ɗaruruwan dubbai zuwa gabashin Chadi, kuma Hausawan Sudan na cikin waɗanda ya ɗaiɗaita. Ga kuma yaran da aka haifa a Makka ko Jidda ga iyayen da ba su da takardar zama, rana ɗaya a ɗebo su a sauke a Kano, ƙasar da aka ce tasu ce alhali Larabci ya fi zama a bakinsu.

Ko wanda ya tafi da biza a aljihu, ya sauka a Landan ko Hambog ko unguwar Bronx ta New York, 'ya'yansa ba su tsira daga wani nauyin ba. Nasu dai bai da ƙarar bindiga.

Nauyi na farko shi ne tafinta. Yaro kan iya sabon harshe cikin watanni, uwa da uba su yi shekaru suna lalube. Nan da nan sai ɗan shekara goma ya zama bakin gidan. Shi ke magana da mai gidan haya, shi ke amsa waya, shi ke raka mahaifiyarsa asibiti ya fassara mata abin da likita ya ce, har da ciwon da a al'ada kunya ba za ta bari a faɗa a gabansa ba. Shi ke fara sanin an kori baba daga aiki, ko kuɗin haya ya gagara, ko lauya ya ce shari'ar ba ta da ƙarfi. Wasu yaran kan ji daɗin cewa suna da amfani, kuma ba laifi ba ne yaro ya taimaka a kanti ko a tashar jirgi. Amma akwai labarin da bai kamata ya bi ta bakin yaro ba. Wasu sukan ɓoye rabin maganar don kada hankalin Inna ya tashi, su kwana da ragowar su kaɗai. A yawancin asibitocin gwamnati na Birtaniya da Amurka majinyaci na da damar neman tafinta kyauta, iyaye da yawa ne ba su sani ba, ko suke jin nauyin tambaya.

Na biyu shi ne zama tsakanin gida biyu. A makaranta ana koya masa ya kalli malami ido cikin ido, ya faɗi ra'ayinsa. A gida wannan rashin kunya ne. A makaranta ana yi masa dariyar sunansa, ko launin fatarsa, ko hijabin 'yar'uwarsa, ko ƙamshin abincin da ya zo da shi. A gida ana ce masa ya zama Bature. Idan aka kai shi hutu gida kuma, 'yan'uwa su yi ta kwaikwayon Hausarsa. Yaron da aka yi wa dariya a wuri uku yakan zaɓi yin shiru.

Iyayen ma ba a kan gadon hutu suke ba. Mutumin da yake malami ko ɗan kasuwa mai faɗa a ji a garinsu, ya koma gadi ko tuƙin tasi cikin dare. Matar da ta saba da gida cike da kakanni da gwaggo da maƙwabta, ta wayi gari ita kaɗai da yara huɗu a ɗaki biyu, ga sanyi, ga dare mai tsawo. Daga gida ana ta bugo waya ana neman aike, don an ɗauka duk wanda ke waje ya samu. Ga kuma dokar da ba su saba da ita ba: Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, Jamus ta bi a 2000, Faransa a 2019. Uba ya ji an ɗaure masa hannu, kuma tsoron kada hukumar kula da yara ta ƙwace masa 'ya'ya ya hana shi kusantar duk wani ma'aikacin jin daɗin jama'a, har da wanda zai taimake shi. Wannan tsoron yana da tushe, don an sha raba yara da iyaye bisa rashin fahimtar al'ada. Sai dai yana sa gidaje su rufe ƙofa a daidai lokacin da suka fi bukatar a shigo.

Yaro ba zai ce yana cikin damuwa ba. Ƙarami zai koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya liƙe wa uwarsa ko bayi ba za ta shiga ita kaɗai ba, ko ya riƙa farkawa da ihu. Ɗan makaranta zai yi ta ciwon ciki da ciwon kai, a je asibiti a rasa dalili. Matashi zai zama mafaɗaci, ko ya kulle kansa a ɗaki, ko ya faɗa shaye-shaye. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne yaron da ake yabo: mai haƙuri, mai shiru, wanda bai taɓa neman komai ba. Wani lokaci ba haƙuri ba ne, ya gane ne cewa iyayensa ba su da sauran ƙarfin ɗaukar nasa kukan.

A gidajenmu, idan aka ga irin wannan, sai a ce iska ce ko maita ko baki. A yi tofi, a sha rubutu, a kira mai ruƙiyya. Addu'a tana kwantar da zuciya, kuma babu likita mai hankali da zai hana iyali ita. Matsalar ita ce a tsaya a nan, saboda tsoron kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali, 'ya'yansu mata su rasa miji. Haka ake jinkiri har abin da hira da kulawa za su warkar ya zama sai da magani.

Abin farin ciki, an gwada hanyoyi an ga suna aiki, kuma mafi yawansu ba sa bukatar babban likita. A sansanin Rhino da ke arewacin Yuganda an gwada wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Mata 20 zuwa 30 ke zama tare sau ɗaya a mako har mako biyar, suna sauraren darasin da aka naɗa cikin Larabcin Juba, da littafi mai hotuna, kuma masu jagorantar zaman mutanen yankin ne da aka yi wa gajeren horo. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna damuwar matan ta ragu, kuma bambancin yana nan bayan wata uku. Gwajin na manyan mata ne, amma duk wanda ya fahimci labarin Suwidin ya san cewa sauƙin uwa na isa ga ɗanta.

A birnin Boston, Dokta Heidi Ellis da abokan aikinta a asibitin yara sun lura cewa iyalan Somaliya ba sa kawo 'ya'yansu wurin likitan ƙwaƙwalwa ko da abin ya yi tsanani. Maimakon su zauna jira, sai suka kai aikin makaranta. Suka fara da zama da iyaye da dattawan unguwa, suka buɗe zaman rukuni ga yaran Somaliya gaba ɗaya don kada a nuna wani da yatsa, sannan suka haɗa kowane ma'aikacin lafiya da ɗan Somaliya da ya san harshe da addini da al'adar gidan. Idan matsalar iyalin gidan haya ce ko abinci, da ita ake farawa. Ta haka iyayen da suka ƙi asibiti suka buɗe ƙofofinsu.

Ga ƙananan yaran Siriya kuwa, gidauniyar MacArthur ta ba da dala miliyan 100 a 2017 ga masu shirya shirin yara na Sesame Street da ƙungiyar agaji ta IRC. Daga nan aka samu Ahlan Simsim, shirin talabijin na 'yan tsana da ya fara a 2020 don yaran Siriya da Iraƙi da Jodan da Labanan. Kafin baƙaƙe da ƙidaya, yana koya wa yaro ya gane abin da yake ji, fushi ne ko tsoro ko kewa, da abin da zai yi idan ya ji shi, kamar jan numfashi a hankali ko ƙirga ɗaya zuwa biyar.

A yankinmu ƙwararru sun yi ƙaranci ƙwarai. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocin Maiduguri da Kaduna da Kware da Dawanau ba za su iya ɗaukar kowa ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Saboda haka aikin zai faɗa ne a kan malamin firamare, da malamar Islamiyya, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da mai unguwar da baƙi suka sauka a garinsa. Abu mafi girma da gwamnati za ta yi wa ɗan gudun hijira shi ne ta ba iyayensa takarda da wuri, ta sa shi a makaranta cikin makonni, kuma kada ta raba shi da uwarsa.

A cikin gida ma akwai abin yi da bai cin ko sisi. A tsayar da lokacin abinci da na barci da na sallah, ko a tanti ake, don yaro ya san abin da gobe za ta kawo. A gaya masa gaskiya daidai shekarunsa, kada a ce baba ya je kasuwa alhali an kashe shi ko yana tsare, domin ranar da ya gano zai daina yarda da kowa. A daina tattauna takardu da bashi a gabansa. A bar shi ya yi wasa, ya yi zane, ko da bindiga yake zanawa. A riƙe harshen gida, a yi masa tatsuniya, a bar shi ya yi hira da kakarsa ta waya, don yaron da ya rasa harshen uwarsa ya rasa hanyar kai mata kuka. Idan kuwa ya daina cin abinci, ko ya daina magana, ko ya ambaci kashe kansa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Mai karatu da ke da ɗan'uwa ko 'yar'uwa da suka yi hijira da iyali, a Diffa suke ko a Jamus, idan ka buga waya kada ka tsaya a gaisuwar manya da maganar aike. Ka tambayi uwar gidan ko tana samun barci. Ka ce a ba yaran wayar ɗaya bayan ɗaya, ka kira kowa da sunansa, ka tambaye shi wane ne abokinsa a makaranta, kuma ka saurari amsar.